Rahoton Grinter da Karatun Injiniyan Lantarki a Amurka

A cikin shekarar 1955 Ƙungiyar Ilmin Injiniya ta Amurka ta fitar da wani rahoto a kan abin da ya kamata a koya wa ɗalibi cikin shekara huɗu na jami'a, kafin a ba shi takardar shaida a kira shi injiniya. Tun 1952 aka naɗa kwamitin da ya rubuta shi, shugabansa kuwa wani malami ne na Jami'ar Florida mai suna Linton Grinter, shi ya sa har yau ake ce da shi Rahoton Grinter. Takarda ce 'yar ƙarama, mutum ya iya karance ta a zama guda, amma da wuya a sami wata takarda da ta juya makarantun injiniya na Amurka kamar yadda ta juya su. Inda ta fi barin alama kuwa shi ne fannin lantarki, musamman irin karatun nan da ake kira fiziks na injiniya, watau inda ɗalibi yakan gama zurfin ilmin fiziks da sana'ar lantarki a cikin digirinsa na farko.

Fiziks shi ne ilmin da ke binciken halayen abubuwa, kamar motsi da zafi da haske da lantarki da maganaɗisu. Masanin fiziks tambayarsa ita ce, me ya sa abu kaza ke faruwa? Shi kuwa injiniya tambayarsa ita ce, ta yaya za a sa abu kaza ya yi aiki, a kan kuɗi kaza, ya kuma daɗe bai lalace ba? Rahoton ya ce injiniyan Amurka ya yi nisa ƙwarai da tambayar farko, saboda haka lalle a komo da shi kusa da ita. Shekarun da suka shige tun daga lokacin sun isa a ga abin da wannan shuka ta haifar, a kuma rarrabe inda maganar ta yi gaskiya da inda ta gaza.

Asalin maganar

Aikin injiniyan lantarki a gidan fiziks aka haife shi. A 1831 Michael Faraday ya gano a Landan cewa in aka motsa maganaɗisu kusa da naɗaɗɗiyar waya, wuta takan gudana a cikin wayar, a kan wannan kuwa aka gina kowane janareta da kowace taransifoma. A 1865 James Clerk Maxwell ya tattara halayen lantarki da na maganaɗisu cikin lissafi guda, har lissafin ya nuna haske ma danginsu ne. Da Makarantar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT, ta fara koyar da aikin lantarki a 1882, a cikin sashen fiziks ta ajiye shi, bai sami sashe na kansa ba sai a 1902.

Tun kafin wannan ma an ga abin da rashin ilmin tushe ke jawowa. A watan Agusta na 1858 aka gama shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin tekun Atalantika, tsakanin Ayalan da Newfoundland. William Thomson, wanda daga baya aka naɗa Lord Kelvin, ya riga ya nuna da lissafi cewa saƙo yana jinkiri a cikin doguwar igiyar ruwa, in aka ninka tsawonta sau biyu jinkirin ya ninku sau huɗu. Shawararsa ita ce a kaurara tagullar, a aika da wuta kaɗan, a karɓe ta da ma'auni mai saurin ji. Amma mai kula da lantarki na kamfanin, Wildman Whitehouse, wanda asalinsa likitan tiyata ne, bai yarda da lissafin ba, ya fi amincewa da abin da hannunsa ya saba. Saƙon Sarauniya Victoria zuwa ga shugaban Amurka, mai kalma 98, sai da ya ci wajen awa 16 kafin ya ƙetare. Whitehouse ya ɗura wa igiyar wuta mai ƙarfin bolt wajen 2,000, ita kuwa tun wajen ƙira ba ta da inganci, sai ta mutu ba ta cika wata guda tana aiki ba. Ba a sami waya mai ɗorewa ba sai a 1866, bayan an bi hanyar da Thomson ya nuna. Abu guda ne masu ba da wannan labari sukan manta, shi ne Thomson ba daga kan kujera ya yi nasa ba. Yana cikin jiragen da suka shimfiɗa igiyar, kuma ma'aunin nan mai madubi da aka riƙa karanta saƙo da shi, shi ne ya ƙago shi.

Da sana'ar lantarki ta bunƙasa, sai ta bar gidan ubanta. Kamfanonin wuta da na tarho suna bukatar mutane da yawa waɗanda za su iya naɗa janareta, su kafa turakun waya, su lissafa nauyin da taransifoma za ta ɗauka. Makarantu suka ba su abin da suka nema. Ɗalibi ya yi zane, ya yi awon ƙasa, ya shiga maƙera, ya gwada manyan injuna, sa'an nan ya koyi duba amsa a cikin littafin jadawali wanda magabata suka tara. Muddin dai abin da za a gina irin wanda aka taɓa ginawa ne, wannan horo ya isa, da shi ne ma aka haskaka biranen Amurka.

Abin da yaƙi ya tona

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya nuna iyakar littafin jadawali. A 1940 John Randall da Harry Boot suka ƙera wata 'yar na'ura a Jami'ar Birmingham ta Ingila, mai fitar da igiyar rediyo mai ƙarfi wadda zangonta bai wuce santimita 10 ba. A watan Satumba na shekarar nan aka kai ta Amurka, aka buɗe wani babban ɗakin bincike a MIT don a yi na'urar hangen jiragen sama da ita, watau rada. Kafin yaƙi ya ƙare ma'aikatan wurin sun kusa 4,000. Shugabansu, Lee DuBridge, masanin fiziks ne, haka kuma yawancin waɗanda suka ja ragamar binciken. Injiniyoyin lantarki, waɗanda a bisa suna aikin nasu ne, galibi suka zama mabiya.

Dalilin wannan ba boyayye ba ne. Wutar gida ta Amurka tana kai da komowa sau 60 a daƙiƙa, gudun igiyar lantarki kuwa kilomita 300,000 ne a daƙiƙa, saboda haka zango ɗaya nata ya kai kilomita 5,000. Ga zango mai wannan tsawo, duk wayar da ke cikin ɗaki ko cikin masana'anta kamar ɗigo guda take, abin da ya faru a wannan baki ya faru a wancan nan take. A kan wannan sauƙi aka gina ƙa'idodin da injiniya ya haddace. Amma igiyar rada tana kai da komowa sau miliyan 3,000 a daƙiƙa, zangonta bai kai taƙi ɗaya ba. A nan guntuwar waya takan zama eriya ta watsar da wutar a iska, har ya zamana ta cikin bututun ƙarfe wanda babu kome a cikinsa ake bi da ita. Jadawali bai san wannan ba. Wanda ya san lissafin Maxwell tun daga tushe shi kaɗai ke iya zama ya fitar da sabuwar ƙa'ida.

Abin ya yi wa manyan malaman injiniya ciwo. Frederick Terman, wanda ya shugabanci wani ɗakin binciken rediyo a Harvard lokacin yaƙin, ya koma Stanford da niyyar kada a sake barin ɗalibansa a baya. Jami'ar Cornell ta buɗe sashen fiziks na injiniya a 1946, ko da yake ba ita ta fara ba, gama Jami'ar Toronto ta Kanada tana da irinsa tun 1934. A MIT, Gordon Brown ya karɓi shugabancin sashen lantarki a 1952, ya rage darussan manyan injuna, ya sa aka rubuta sababbin littattafai waɗanda suka faro daga lissafin Maxwell. Rahoton Grinter bai ƙago wannan guguwa ba, tarar da ita ya yi tana tasowa, ya ba ta hujja da tsari, ya kai ta makarantun da ba ta isa ba tukuna.

Abin da rahoton ya ce

Rahoton ya kasa shekara huɗun nan kashi-kashi. Wajen rubu'i ya ba lissafi da kimiyyar tushe. Wajen rubu'i kuma ya ba abin da ya kira kimiyyoyin injiniya, ya lasafta su shida: halayen daskararrun abubuwa in an ɗora musu nauyi, da halayen abubuwa masu gudana kamar ruwa da iska, da ilmin zafi, da yadda zafi da abu ke ƙaura daga wuri zuwa wuri, da ilmin lantarki, da halayen kayan ƙira. Wani rubu'in ya ba nazari da tsara ƙira. Wajen humusi ya ba tarihi da adabi da ilmin zaman jama'a, ɗan abin da ya saura kuwa ɗalibi ya zaɓi abin da ya ga dama. Sa'an nan ya nemi a rage darussan da koyon sana'a ne zalla, a kuma ɗauki malamai masu babban digiri waɗanda ke bincike.

Akwai wata magana da aka yar a hanya, wadda ta cancanci a tuna da ita. A daftarin farko na 1953 kwamitin ya kawo shawarar a raba karatun gida biyu, ɗaya don masu zurfafawa cikin kimiyya, ɗaya don masu aikin yau da kullum. Makarantu suka ƙi, domin babu wadda ta yarda a sa ta a gida na biyu. Da aka janye shawarar, sai kowace makaranta ta nufi gida na farko, ko tana da halin haka ko ba ta da shi.

Inda ya yi gaskiya

Babbar hujjar rahoton ita ce na'ura takan tsufa, ƙa'idar da ke ƙarƙashinta kuwa ba ta tsufa. A fannin lantarki zamani bai yi jinkirin gaskata wannan ba. Ɗalibin da ya gama a 1945 ya ƙware a kan bawul, watau ƙwan gilashin nan mai zafi da ke cikin tsofaffin akwatunan rediyo. A watan Disamba na 1947 John Bardeen da Walter Brattain, cikin ƙungiyar William Shockley a ɗakin binciken kamfanin Bell, suka yi tiransista ta farko da ɗan guntun ma'adinin jamaniyam. A 1958 Jack Kilby, a 1959 kuma Robert Noyce, suka nuna yadda za a tara kayan da'ira guda a kan ɓallin ma'adini ɗaya. Kafin ɗalibin nan na 1945 ya yi furfura, abin da ya haddace ya zama kayan tarihi. Tiransista kuwa ba ta fahimtuwa sai da ilmin kwantam, watau ilmin halayen ƙwayar zarra da abin da ke cikinta, wanda a da ba a ga dalilin koya wa injiniya shi ba.

Haka kuma aka gani wajen zaren gilashi da ke ɗauke da saƙonnin duniya a yau. Kowa ya san haske ba ya nisa a cikin gilashi, jadawali ma haka ya ce. A 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a Ingila, suka nuna cewa laifin ba na gilashi ba ne, na ƙazantar ƙarfe ne da ke gauraye da shi, in aka tace shi haske zai yi tafiyar kilomitoci. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya yi irin wannan zare. Kao injiniyan lantarki ne, amma tambayar da ya yi ta masanin fiziks ce. Duk mai son ya kushe Rahoton Grinter sai ya fara amsa wannan, cewa mutumin da aka koya wa dalili yakan tsira in zamani ya juya, wanda aka koya wa hanya kaɗai kuwa yakan ɓata ran da hanyar ta ƙare.

Inda ya gaza

Kuskuren rahoton yana wajen abin da ya ɗauka kyauta ne. Mutanen da suka rubuta shi duk sun bi ta tsohuwar makaranta, sun yi zane, sun ƙona yatsa da dalma, sun ji warin naɗin waya in ya ɗauki zafi. Abin da suka rasa shi ne lissafi mai zurfi, don haka shi suka gani da girma. Abin da suke da shi kuwa ba su lura da shi ba, kamar yadda mai lafiya ba ya lura da numfashinsa. Suka zaci ɗalibi zai tsinci aikin hannu a masana'anta bayan ya gama. Haka ma masanan fiziks ɗin nan da suka yi rada, waɗanda aka kafa hujja da su, yawancinsu mutane ne da suka saba gina kayan gwajinsu da hannunsu tun kafin yaƙi. An ga iliminsu an kwaikwaya, ba a ga hannunsu ba.

Gaskiya ne rahoton ya keɓe wa tsara ƙira rubu'in lokaci, kuma ba daidai ba ne a ɗora masa laifin duk abin da aka yi da sunansa. Amma wanda ya ce a ɗauki malamai masu bincike, ya kamata ya san abin da za su koyar. A watan Oktoba na 1957 Rasha ta harba tauraron Sputnik, hankalin Amurka ya tashi, gwamnati ta ƙara zuba kuɗi a binciken jami'o'i. Girma da ƙarin albashi suka koma wajen mai buga takardun bincike. Malamin da ya yi shekara ashirin a tashar wuta ya yi ritaya, aka maye gurbinsa da saurayi mai digirin dakta wanda bai taɓa aiki a masana'anta ba. Kowane malami kuwa abin da ya sani yake koyarwa. Da haka rubu'in tsara ƙira ya yi ta ƙanƙancewa, ya zama wani darasin lissafi da aka sauya wa suna.

Bambancin darasin allo da aikin ƙira ba ƙarami ba ne. Tambayar allo tana da amsa ɗaya, an kuma ba ɗalibi duk abin da yake bukata, ba ragi ba ƙari. Aikin ƙira kuwa amsoshinsa da yawa, kowace da aibinta, kuma rabin abin da ake bukata sai an fita an nemo. A takarda, rizista, watau ɗan abin nan mai rage gudun wuta, in an ce om 100 ne, to 100 ne. Wanda aka sayo a kasuwa mai yiwuwa ne ya zama 95 ko 105, ya kuma sauya in ya yi zafi. A takarda waya ba ta da hali nata, a kan tebur kuwa takan tsinci ƙugin wutar gida ta gama shi da abin da ake aunawa. Ma'aunin kansa yakan taɓa abin da yake aunawa ya sauya shi. Duk waɗannan fiziks ya san dalilinsu, amma sanin dalili daban, gane su da ido a lokacin da suka zo daban. Gani ya kori ji.

Wata hasarar kuma ita ce ta fannin wutar gari. Da hankali ya koma kan tiransista da kwamfuta, jami'o'in Amurka da yawa suka rage darussan janareta da layukan wuta, kamar an gama da su. Ran 9 ga Nuwamba 1965 wata 'yar na'urar tsaro da aka saita ƙasa da kima a wata tasha ta Ontario ta yanke layi guda, nauyin ya faɗa kan sauran layuka suka yi ta faɗuwa bi da bi, mutum wajen miliyan 30 a Kanada da Amurka suka shiga duhu, har da birnin New York. Ba a ce rahoton ne ya kashe wutar ba. Abin da daren nan ya nuna shi ne tsohon fannin bai ƙare ba, yana ma ɗauke da tambayoyi masu wuya irin waɗanda masu zurfin lissafi ya kamata su tsaya a kansu, maimakon su ba su baya.

Amurkawa da kansu sun farga, suka shiga gyara. Kwalejin Harvey Mudd ta California ta fara a 1963 wani tsari inda ɗalibai ke karɓar matsala ta gaske daga kamfani su warware ta. A 1996 hukumar ABET, mai tantance karatun injiniya, ta amince da sababbin sharuɗɗa waɗanda ke duban abin da ɗalibi ya iya yi, ba yawan darussan da ya zauna ba kaɗai. A shekarar 2000 MIT da jami'o'i uku na Suwidin suka fito da wani tsari na koyar da injiniya ta hanyar tunanin abu da tsara shi da gina shi da aiki da shi. A 2002 Kwalejin Olin ta Massachusetts ta karɓi ajinta na farko, inda ɗalibi ke fara gini tun shekararsa ta fari. Duk wannan komowa ce a ɗauko kayan da aka yar a hanya.

Taura biyu

A karatun fiziks na injiniya mai karkata ga lantarki ne wannan matsala ta fi tsanani, domin shi ne ɗan fari na wannan ra'ayi. A shekara biyun farko ɗalibi yakan sha lissafi da fiziks na tushe da sarrafa kwamfuta. A ta uku ya haɗu da da'irorin lantarki da nazarin sigina daga wajen injiniyoyi, da lissafin Maxwell da ilmin kwantam da ilmin zafi daga wajen masana fiziks. A ta huɗu ya karanta halayen ma'adinai irin su silikon, da ilmin haske, sa'an nan ya yi babban aikin ƙira, wanda hukumar ABET ta wajabta a kan duk karatun da ta tantance. Shekara huɗu rumbu ne mai iyaka, duk damin da aka sa sai an fitar da wani. Abin da aka fi saurin fitarwa kuwa shi ne awoyin ɗakin gwaje-gwaje, don su suka fi tsada, su suka fi cin lokaci, su ne kuma suka fi wuyar jarrabawa.

Bayan wannan, ɗalibin yana karatu a gida biyu masu harshe biyu. Masanin fiziks yana rubuta wata alamar lissafi da harafin i, injiniya yana rubuta ta da j, domin shi i a wurinsa gudun wuta ne. Shekaru da yawa ma'auninsu ma ba ɗaya ba ne. Shahararren littafin lantarki da maganaɗisu na Edward Purcell, wanda shi ma ya yi aikin rada a MIT, ya fito a 1965 da ma'aunin da masana fiziks suka saba, bai koma ga ma'aunin da injiniyoyi ke aiki da shi ba sai a bugu na uku, a 2013. Wannan ƙaramin abu ne, amma alama ce ta babba. Sau da yawa malamin wannan sashe bai san abin da malamin wancan ya koyar ba, sai a bar wa yaro ɗan shekara ashirin aikin ɗinke abin da manyansa ba su ɗinke ba. Mai ƙwazo ya ɗinke ya fita da riba biyu. Wanda bai samu mai nuna masa ba kuwa ya fita bai kai masanin fiziks zurfi ba, bai kai injiniya iya aiki ba, ba tsuntsu ba tarko. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma wannan in an cusa su a baki lokaci guda ne ba tare da dabara ba.

Labarin Theodore Maiman ya nuna yadda abin yake in ya yi kyau. Ya yi digirinsa na farko a fiziks na injiniya a Jami'ar Colorado a 1949, ya yi na biyu a aikin lantarki a Stanford a 1951, ya yi na dakta a fiziks a 1955. Ubansa injiniyan lantarki ne, shi kuma tun yana saurayi yana gyaran rediyo da kayan wuta yana samun kuɗi. A lokacin da manyan ɗakunan bincike ke tseren yin lesa, watau hasken nan mai kaifi da ke tafiya a miƙe ba ya bazuwa, masana sun riga sun fid da rai daga jan yaƙutu, saboda wani awo da aka buga ya nuna ba ya mayar da hasken da aka ba shi sai kaɗan. Maiman ya sake awon da kansa, ya tarar na farkon kuskure ne. Sa'an nan, maimakon ya jira a ƙera masa fitila ta musamman, ya nemo naɗaɗɗiyar fitilar walƙiya irin ta masu ɗaukar hoto, ya zura sandan yaƙutu a tsakiyarta. Ran 16 ga Mayu 1960, a ɗakin binciken kamfanin Hughes a California, lesa ta farko ta haska, na'urar kuwa ba ta fi a riƙe ta a tafin hannu ba. Ilmin kwantam ne ya gaya masa abin da zai nema, shekarun gyaran rediyo kuwa su suka koya masa kada ya yarda da lamba sai ya auna, ya kuma yi aiki da abin da ke samuwa. Shi ma Bardeen, wanda ya ci kyautar Nobel ta fiziks sau biyu, a 1956 da 1972, digirinsa na farko da na biyu duk na aikin lantarki ne daga Jami'ar Wisconsin.

Saboda haka wanda zai auna irin wannan karatu, ko uba ne mai neman wa ɗansa makaranta, ko hukuma mai niyyar kafa irinsa, kada sunayen darussa su ruɗe shi, gama kwafe jerin darussa ba shi da wuya. Ya tambaya, awa nawa ɗalibi ke yi a mako hannunsa a kan kayan aiki? Gwajin da yake yi, irin wanda an riga an rubuta masa amsarsa ne, ko kuwa irin wanda zai iya ƙin yi ne har sai ya gano dalili? A cikin malaman akwai wanda ya taɓa gina abin da aka sayar aka yi aiki da shi? Akwai darasi ko guda inda malamin fiziks da malamin lantarki ke tsayawa tare a kan abu ɗaya, a fitar da ƙa'idarsa a allo da safe, a gina shi a auna da yamma? In amsoshin nan sun yi kyau, karatun ya cancanci wahalarsa, da wuya kuma a sami wanda ya fi shi shirya mutum ga sana'ar da ke sauya fuska kowace shekara goma. In ba su yi kyau ba, gara ɗalibi ya kama fanni ɗaya ya riƙe shi da kyau.

Rahoton Grinter ya cancanci yabo a kan ya komo da injiniyan lantarki gidan da aka haife shi, a daidai lokacin da sana'ar ke shirin sauyawa daga bawul zuwa tiransista. Ya cancanci zargi a kan bai tsare ɗakin gwaje-gwaje da aikin ƙira da irin ƙarfin da ya tsare lissafi ba, har aka yi shekara wajen arba'in ana biyan bashin. Thomson ya yi lissafinsa a Glasgow, sa'an nan ya shiga jirgi ya bi igiyar cikin teku, makarantar da ke son ta fitar da irinsa kuwa sai ta tanadar wa ɗalibinta allon da jirgin duka biyu.